Bugu Biyu a Gurbin Suna

Shekarar da na yi jika ita ce shekarar da na fi jin kaɗaici a Madina, har ta fi wadda Malam ya rasu. Lokacin rasuwa ai gidan cike yake. Matan likitocinmu 'yan Najeriya suna ta shigowa da kuloli, wannan ta tafi wannan ta zo, har na fara addu'ar su watse in samu in yi kukana a tsanake. Amma wa zai zo ya yi wa mace jaje don ta yi jika? Duk wanda ya gan ni sai ya ce barka, in ce barka dai, in hau benena a unguwar Ƙiblatain in rufe ƙofa. Gidan 'yata kusa ne, kusancin da mai tasi ba ya ma murna in ka faɗa masa inda za ka, amma na yi watanni ban taka shi ba.

Suna ne ya raba mu. Malam mijina ne, injiniya ne a filin jirgin sama, shi ya kawo ni ƙasar nan da goyon 'yarmu ta fari. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa a Zariya har ranar da aka fita da shi zuwa maƙabartar Baƙi'a ban taɓa kiran sunansa ba. Malam nake cewa. Haka na ga uwata tana yi, haka na ga tata uwar. Akwai ranar da wani ma'aikaci a ofishin iƙama, wato takardar izinin zama, ya tambaye ni sunan mijina, na nuna masa katin da yatsa. Ya sake tambaya da ƙarfi, na sake nunawa. Sai ya juya ya ce wa abokin aikinsa, miskina, kurma ce. Malam ya yi shekaru yana ba da labarin nan, duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya ji shi.

Ita ma 'yar tawa ban taɓa kiran nata sunan ba, tunda ita ce ta fari. Ke nake ce mata, in tana nesa in ce a kira mini yarinyar nan. Ƙanenta, wanda ya koma Najeriya karatu, shi kam sunansa ya sha kira, har da na faɗa. Ta girma a Madina, ta yi makaranta da Larabci, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsa mini. Ta auri ɗan Hausawan nan, waɗanda kakanninsu suka zo hajji a ƙafa suka zauna har jikoki suka zama 'yan ƙasa. Mutanen kirki ne, ban taɓa samun su da komai ba. Da Allah ya ba ta ɗa namiji sai ta sa masa sunan ubanta, kuma na san don ni ta yi.

A gida da abin bai zama magana ba. Kafin a gama rabon goro wata gwaggo ta yanka wa yaron laƙabi, kowa ya kama, sunan gaskiya ya jira ranar shiga makaranta. A nan babu gwaggo. Ranar suna na shiga falon na tarar da sunan Malam yana yawo a bakin kowa, manya da yara, ana kiransa ana ja masa kumatu. Sai uwar mijin 'yata ta ɗauko yaron ta ɗora mini a cinya.

"Ga mijinki ya dawo, ya Hajiya," ta ce da Hausarta mai gardin Larabci. "Yalla, kira sunansa ya ji muryar kakarsa."

Wayoyin mata suka tashi sama ana ɗauka. Na kalli yaron, goshin Malam ne sak. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na miƙa shi, na ce lokacin aikina ya yi a asibiti, alhali ranar hutuna ce. 'Yata ta biyo ni har bakin ƙofa da ɗanyen jikinta. Ba ta ɗaga murya ba. Da Larabci ta ce, "Ni ba ki taɓa kiran sunana ba, ya ummi, na haƙura. Shi kuma me ya yi miki?"

Na fita na bar ta a tsaye. Amsar tana cikin abubuwan da ba a faɗa, ni kuma Allah ya yi ni da taurin kai, ita ma ba a ƙasa ta tsinci nata ba. Ta daina kira, na daina zuwa. Takan turo hoton yaron babu ko kalma a ƙasansa, in duba, in sake dubawa, in kife wayar.

Rayuwata ta koma asibiti da bene. In na dawo nakan tsaya a taga in kalli motocin alhazai suna sauke mutane a Masallacin Ƙiblatain. In na hango atamfa irin tamu sai in sauka kamar mai zuwa sayen burodi, in tsaya kusa da su don kawai in ji Hausar da ba a surka ba. Wani lokaci wata ta tambaye ni ina bayi yake, in nuna mata, ta ce Allah ya saka, shi ke nan hirar ranar. Bayan la'asar in dafa shayi in kunna ɗaya daga saƙonnin murya da Malam ya bari a wayata. Babu wani abin kirki a ciki, zai makara, in ajiye masa abinci, ya manta makulli. Da su nake shan shayin.

Aikina gashin ƙashi ne, ina koya wa matan da suka karye ko jikinsu ya shanye yadda za su sake tafiya. Wata safiya shugabar nas-nas ta kira ni ta ce an kawo wata 'yar garinmu, ba mai jin abin da take faɗa. A asibitin nan duk baƙar fata 'yar garinmu ce. Na je na tarar da tsohuwa baƙa wuluk, gashinta fari fat mai laushi kamar auduga. An gwada mata Larabci, an gwada yaren Indiya, an gaji. Na ce, "Sannu Iya, ya jikin?" Ta kalle ni ta yi dariya duk da ciwo, ta amsa da wani irin Turanci da sai da na kasa kunne sosai kafin in tsinci rabinsa. Daga Ostireliya take. Na ce mata ban san akwai baƙaƙe a can ba, na ɗauka duk Turawa ne.

"Su ma haka suka so su ɗauka," ta ce.

'Yar asalin ƙasar ce, cikin mutanen da Turawa suka tarar a can. Umara ta zo da ayari, ta zame a kan tayil ta karya ƙugu, aka yi mata aiki. Ayarin ya koma. 'Yar ƙanenta da ta rako ta ita ma dole ta koma wajen yaranta, da alkawarin za ta dawo ta ɗauke ta in likitoci sun yarda ta hau jirgi. Lokacin ziyara kowane gado yana cika da dangi da flas ɗin gahawa, nata babu kowa. Na san irin kallon da take yi wa ƙofa, don haka nakan daɗe a wajenta fiye da yadda aiki ya ce.

Ranar da na fara miƙar da ita a kan ƙarfen dogarawa na gane da wa nake. Ƙarfen ya ce ƙwas, ƙafar lafiya ta bi, mai ciwon ta ja. Na ce ƙafar hagu tana makara. Ta ce ba makara ba ce, kiɗan ne haka. Kafin mu kai ƙarshen baranda ta ɗora wa tafiyar murya ƙasa-ƙasa, kuma abin haushi tafiyar ta gyaru. Wata nas ta leƙo ta tuna mana cewa nan fa Madina ce. Tsohuwar ta tambaye ni me aka ce, na fassara, ta ce in gaya mata ba waƙa ba ce, magani ne, likita ce ta rubuta. Ni ce likitar.

Sana'arta ke nan, tsara waƙa da shirya wasan kwaikwayo irin na kan dandamali, rabi magana rabi waƙa. Labarinta a gutsure na same shi, tsakanin ɗaga ƙafa da sauke ta. Kakanta na wajen uwa mai raƙuma ne, Musulmi, daga ƙasashen duwatsu na wajen Pakistan. Turawa suka kai irinsu can su yi musu dako a hamada kafin jirgin ƙasa ya iso, shi kuma ya auri kakarta 'yar ƙasa ya zauna. Abin da ya rage na addininsa a gidan abu biyu ne. Ba sa cin alade, kuma kafin a sa hannu a abinci akwai wata kalma da ake faɗa wadda babu wanda ya san ma'anarta. Sai da ta yi furfura ta ji wani mai shago ya faɗe ta, ta tsare shi ta ce ina ya samu kalmar gidansu. Bismilla ce. Bin sawun kalmar nan ne ya kawo ta har gadon asibitinmu.

Tana ƙarama aka kai ta makarantar kwana ta mishan, inda ake dukan yaro in ya yi yaren uwarsa. A can ta koyi taɓa piyano da waƙoƙin coci. In an yi hutu kuma 'yan'uwan kakarta mata su zaunar da ita a ƙasa su koya mata nasu, da 'yan sanduna biyu da ake bugawa. Ta ce ta tashi da kunne biyu da ba sa shiri da juna, duk aikin rayuwarta sulhunta su ne. Ba ta iya rubuta waƙa da alamomin da masana suke yi ba. Rerawa take yi wa 'yan wasa, ta maimaita, ta maimaita, har ta zauna musu. Ta daɗe tana aikin wanki a wani asibiti, a bakin injin wanki ta tsara yawancin waƙoƙinta, shi ya sa ta ce duk juyinsu ɗaya ne.

Wasan da ya fito da ita a kan mata masu wanki ne a gidan gonar wani Bature mai shanu. Suna wanki suna waƙa da yarensu, matar Baturen tana jin daɗi tana cewa waƙar coci ce, alhali ita suke yi wa habaici tun daga hancinta har girkinta. Na yi dariya har sai da na zauna a bakin gado, na ce wannan ai matan gidanmu ne a bakin turmi. A cikin wasan akwai mai kawo musu ruwa, wanda matan suke kira a amshi, kuma ƙanenta ne yake fitowa a matsayin. Sunansa na gaskiya ta sa a waƙar, don ya zauna a kan kiɗan daram, ta nemi wani ta rasa. A ɗakin taron wata makaranta suka fara, da bokitai na gaske da igiyar shanya. Daga baya aka kai shi manyan birane, Turawa suna sayen tikiti su zauna a zage su suna tafi. Ta ce yanzu duk taron da za a buɗe sai a kira ta a zaunar a gaba, amma waɗanda za ta yi hira da su da yaren kakarta sun kusa ƙarewa, kuma ƙanen nan nata shi ne na kusa. Ya rasu shekarar da ta wuce. Ta faɗa a gajarce, ta ce mu ci gaba da ɗaga ƙafa.

Ni da nake shan shayi da muryar mamaci kullum, me ake so in yi tunani? Da na koma gida na bincika a waya da sunanta da ke jikin katin gado, sai ga wasan, wani ya ɗauka tun da daɗewa. Na kalla, ban tsinci ko kalma ɗaya ba, amma na yi hawaye. Washegari na shiga ɗakin da murnata na ce na kawo mata baƙo. Na kunna daidai inda mai ruwan yake shigowa, na kai mata kusa da fuska.

Muryar na fitowa ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta juya fuskarta bango, da ƙugun da ko motsi ba ya so. Ta ce in kashe. Na kashe, na tsaya riƙe da waya kamar wadda aka kama da kayan sata. Ranar ba ta yi tafiya ba, kuma ba ta sake kallona ba har na fita.

Da na dawo na fara ba ta haƙuri tun daga ƙofa. Ta nuna mini kujera. Ta ce a wajensu in mutum ya mutu ana ajiye sunansa. Ba a faɗa, ba a kallon hotonsa, ba a sauraren muryarsa, sai an daɗe, sai manyan dangi sun ce ya isa. Kiran sunan yana hana shi tafiya, yana kuma fama wa masu rai ciwo. Duk mai suna irin nasa sai a canza masa abin kira har lokacin ya wuce. Ta ce ta musulunta, kuma ba wanda ya ce mata haka addini ya ce, amma kunnenta ya girmi musuluncinta.

Na ce, "To mu namu a juye yake. Ku sai mutum ya mutu kuke ajiye sunansa, mu tun yana da rai." Na ba ta labarin Malam, da ma'aikacin da ya ce ni kurma ce, da muryar da nake kunnawa bayan la'asar. Wannan na ƙarshen ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ta girgiza kai. "Ke kina jin murya ba kya faɗin suna, ni ba na ji ba na faɗa. Kin fi ni wayo."

Daga nan bakina ya saki, na ba ta labarin ranar suna da abin da 'yata ta ce a bakin ƙofa. Ta saurara har na gama. Ta ce in kawo ƙarfen mu yi tafiya.

Wata rana na tambaye ta, to wasan fa, ya mutu ke nan tunda sunan yana cikin amshi? Ta ce da farko cewa ta yi a rufe shi. Amma 'yan wasan da shi suke ci, kuma an riga an yi alkawarin kai shi wasu garuruwa. Aka ce ta sa wani sunan, ta gwada, kowanne sai ya zame. Sai ta bar wurin yadda yake. Ta ɗauki cokali biyu daga farantin abinci ta nuna mini. Matan za su rera har su iso inda sunan yake, sai su rufe baki gaba ɗaya, sanduna su buga sau biyu daidai tsawon sunan, sannan waƙa ta ci gaba. Ta rera mini a hankali, cokulan suka ce ƙas, ƙas. Ban san mutumin ba, ban san yaren ba, amma tsigar jikina ta tashi. Ta ce tun da take sana'ar ba ta tsara abin da ya kai wannan ba, kuma ba ta sa masa ko kalma ɗaya ba.

Da likitoci suka ba da izini 'yar ƙanen nata ta dawo, mace mai saurin magana, ba za ta girmi 'yata da yawa ba. Tsohuwar ta ce tana so ta yi sallama da Masallacin Annabi kafin su tafi, na ce zan raka su. Muka tura ta a keke. Bayan mun fito na bi da su ta jikin katangar Baƙi'a, inda nake tsayawa duk Juma'a tunda mata ba sa shiga. Ta leƙa ta tsakanin ƙarafuna, ƙasa ce shimfiɗe da 'yan duwatsu, tattabaru suna kiwo. Ta tambaya ina aka rubuta sunayen. Na ce ba a rubutawa, ni kaina ban san wanne ne na Malam ba, sashen kawai ɗana ya nuna mini. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mutanen garin nan sun san abin da suke yi.

Sai ta nuna mini 'yar ƙanen nata da baki. "Tambaye ta abin da ta yi ranar da ta fara jin sandunan nan."

Matar ta yi dariyar kunya. Ta ce ita a birni ta tashi wajen dangin uwarta, al'adar sama-sama ta san ta. Ta je kallon wasan ne don ta ji sunan ubanta a bakin mutane ko ta samu sanyi a ranta. Da aka iso wurin aka yi shiru aka buga sanda, aka sake, aka kuma sakewa, sai ta ɗauka goge shi aka yi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ta tashi ana tsakiyar wasa ta fita, ta daɗe ba ta ɗaga wayar gwaggonta ba.

"Na ɗauka jini zai gaya mata," in ji tsohuwar. "Bai gaya mata komai ba. Ni ina jin wurin cike da shi, ita rami ta ji. Tun daga nan kafin a fara wasa nakan fito da kaina in gaya wa mutane, in kun ji sanda sau biyu, akwai mutum a wurin." Tattabaru take kallo tana faɗin haka, amma na san da wa take.

A tasi ina komawa gida abin ya yi ta juya mini. A Zariya 'yar fari ba ta rasa komai. Uwa ta kau da kai, amma kaka tana nan, gwaggo tana nan, su ɗauke ta su shagwaɓa ta su kira sunanta har ya gaji. In ta waiga kuma ta ga kowace uwa a unguwa haka take yi wa nata na farin. Mu muka ɗauko yarinya muka kawo ta bene a Madina, babu kaka, babu gwaggo, maƙwabtanmu Larabawa suna kiran 'ya'yansu na fari da suna suna sumbatarsu a gaban kowa. Kawar da kan na taho da shi, duk sauran na baro a gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san wa zan ji haushi ba.

Bayan sun tafi ma sai da na ƙara jan lokaci, taurin kai ba ya sauka rana ɗaya. Wata Juma'a, maimakon in je katanga, na tari tasi. Na tsaya na sayi dabinon Badr a hanya don kada in shiga hannu rabbana.

'Yata ce ta buɗe ƙofa. Ta gaishe ni yadda ake gaida baƙuwa, ta kawo gahawa. Mijinta ba ya nan. Yaron ya fara zama, yana kan darduma yana tsotsar yatsa. Na ɗauke shi, ya ƙare mini kallo, ya taɓe baki zai yi kuka. Ni ba mawaƙiya ba ce, Malam yakan ce muryata ta fi dacewa da kiran yara cin abinci. Amma na ɗora shi a cinya na fara rera abin da na yi ta gwadawa ni kaɗai a kicin. Na ce taho, na bubbuga gwiwata sau biyu, taho ka zauna. Na ce ɗan, na sake bubbugawa sau biyu, ɗan da ya ɗauko idonta. Na maimaita, na maimaita, yadda tsohuwar ta ce ana yi. Yaron ya fasa kukan yana bin hannuna da ido.

"Esh hada, ya ummi?" in ji 'yata, wato mene ne wannan.

Bakina ya yi nauyi, amma na riga na zo. Na ce, "Bugun farko gurbin sunansa ne, shi da ubanki. Na biyun naki ne." Na ce, "A wajenmu mace ba ta kiran sunan mijinta da na ɗanta na fari. In ta kira, kowa zai ji abin da ke cikin muryarta, ita kuma kunyar a ji take yi. Na ƙanenki ina kira don shi ba ya shaƙe ni."

"Lesh ba ki taɓa gaya mini ba?" ta ce, wato don me.

"Ni ma ban ji a bakin kowa ba. Gani na yi ana yi."

"Ni a wurin wa zan gani?"

Da Hausa tsantsa ta faɗi wannan. Ta tashi ta shiga kicin. Na ji famfo yana zuba ya daɗe, ba kwano ko ɗaya da ya yi ƙara. Na zauna da yaron yana jan bakin mayafina. Da ta fito idonta ja, ta ce in tsaya in ci abinci. Na tsaya.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yau ban kira sunanta ba. Na gwada ni kaɗai a ɗaki, harshena ya ƙi. Ba ta sake tambaya ba, amma na san tana so ta ji ko sau ɗaya ne, kuma ina tsoron in mutu da shi a bakina. Dangin mijinta suna nan suna kiran yaron da sunansa, na koyi in ji in haɗiye. Da yamma ina komawa benena in sha shayi da muryar Malam yana cewa zai makara.

Daga baya 'yar ƙanen tsohuwar ta aiko mini cewa gwaggonta ta rasu, a garinsu, cikin danginta. Ta ce ana ci gaba da wasan, ita ce yanzu take fitowa ta yi wa mutane bayani kafin a fara. Na je Masallaci na yi mata addu'a. Sunanta yana nan a kaina, amma ban sake faɗinsa ba, ban sake neman wasan a waya ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Akwai wata rana ina gidan 'yata, muna zaune a ƙasa muna tsinkar lalo a faranti, wanda mutanen nan suke kira mulukiyya. Yaron ya fara tafiya lokacin, bai san tsoron komai ba, sai ya nufi butar shayi da ɗan gudunsa. Uwarsa ta buɗe baki za ta kira shi, na ga sunan ya zo har leɓenta. Ta kalle ni. Sai ta daki gefen farantin da tafin hannunta sau biyu.

Yaron ya tsaya, ya juyo.